Yaron da Muka Mayar Ɗan Aike

Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Rabi da jikata Nana. Allah Ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi maka zuwa Ilori ya zama alheri, Ya tsare ku a hanya, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari a can.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, alhali tsakanin gidana da naka tafiyar ƙafa ce. Na sha yin niyyar in kira ka zaure mu zauna. Sai ka shigo, ka durƙusa, in tambaye ka aiki, ka ce lafiya, in sa maka albarka ka tashi. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kuma gare ka, ban taɓa sabawa da in dubi idonka in yi doguwar magana ba. Ga shi yanzu numfashina ma ba ya kai ni ƙarshen dogon zance. Na gaji, Malami. Ba gajiyar jiki kaɗai ba. Amma ba na son ka bar garin nan da abin da na gani a tare da kai, ban ce komai ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da kuka zo bayan an sauko daga masallaci, kana zaune a kan tabarma, Rabi tana gefenka, in ka miƙa hannu sai ka taɓa ta. Sai na ji ka ce wa Nana, "Ce ma mamanki ta miƙo makullin mota." Yarinyar ba ta motsa nan take ba. Ta dubi fuskarka, ta juya ta dubi fuskar uwarta, ta sake dubanka, sannan ta je ta faɗa a hankali kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. Innarku ta sunkuyar da kai. Ni kuma abincin da ke gabana ya fita raina. Na san wannan kallon. A fuskarka na fara ganinsa, kuma ni na koya maka shi.

Ban san abin da ya shiga tsakaninka da matarka ba, ba kuma zan tambaya ba. Abin da zan iya shi ne in gaya maka yadda na lalata gidan da ka tashi a ciki. Kai ka ga abin da ido na yara. Ba ka taɓa jin yadda ya faro ba.

Ni da Innarku ba da gaba muka fara ba. Lokacin da muke zaune a gidanmu na gado can kusa da Hubbare, mace ce mai dariya, har mahaifiyata takan aiko a ce ta rage murya, baƙi masu ziyara na wucewa. Muka haife ka, muka haifi ƙanwarka Luba, na samu aiki a sito a kamfanin siminti na Kalambaina, muka dawo nan. Sai aka haifi Aminu. Ba lallai ka tuna fuskarsa ba, domin ko tafiya bai fara ba. Zazzaɓi ya kama shi wata safiya ina shirin fita aiki. Innarku ta ce jikin ya yi zafi da yawa. Na taɓa shi na ce haƙori ne, a ba shi magani, in bai sauka ba gobe mu je asibiti. Ba mu kai goben da shi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, kowa ya koma harkarsa, ni ma na koma tawa. Ita ce ba ta dawo ba. Takan zauna a bakin gado tun safe har azahar, hannu a cinya. Ta bar kitso, ta bar lalle, wanka ma sai an matsa. In ta ɗora tukunya sai ta manta har ta ƙone. Ni kuma ɗan gidan malamai, abin da na iya shi ne wa'azi. Na tsaya a kanta ina jero mata falalar haƙuri, ina ce mata ba ita ce ta fara rasa ɗa ba, wannan zaman nata jayayya ce da hukuncin Allah. Abin da na faɗa game da haƙuri gaskiya ne. Amma matar nan ba ta bar salla ba ko sau ɗaya. Ba imani ta rasa ba, lafiya ta rasa. Ina yi mata wa'azi ne don in na zauna kusa da ita na yi shiru, ni ma sai na tuna hannuna a goshin yaron nan ina cewa gobe.

Don haka, Malami, in ka ga matarka ta shiga baƙin cikin da ya ƙi wucewa, kada ka fara da koya mata addini. Ta san abin da ka sani. Ka zauna tukuna. Ka tambaye ta me take ji, ka kuma jure jin amsar ko da da kai a ciki.

Da wa'azi bai yi aiki ba sai na koma fushi. Na ɗauka raini ne. Na ce tunda ba ta jin maganata, to na daina yi. Ban zage ta ba, ban taɓa dukanta ba, na kuma daɗe ina yabon kaina a kan haka. Shiru kawai na yi mata. In shigo in yi sallama ga bango, in wuce ɗakina. Amma gida ba ya tafiya sai da magana: akwai cefane, akwai wanki, akwai baƙo ya zo. Sai na samu hanya. Kai ne hanyar. "Malami, ce mata kaza." "Malami, mi tac ce?" Ba ka kai shekara goma ba a lokacin.

Akwai rana ɗaya da nake so in rubuta ta yadda ta faru, don ban taɓa ba ka haƙuri a kanta ba. Na dawo daga Kalambaina da la'asar, ƙurar siminti har cikin kunnena, ga yunwa. Na leƙa madafa, murhu a sanyaye. Na kira ka na ce, "Tahi ka hwaɗa mata, in ta gaji da auren ta hwaɗi. Hanyar gidansu ba ta toshe ba."

Ka tsaya kana murza bakin rigarka. Na daka maka tsawa, ka tafi. Ka jima a ciki, sannan ka fito ka ce, "Baba, Inna ta ce sannu da aiki."

Na yi tsaki na shiga zaure. Can wajen magariba sai ga ta. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da na saya mata da sallar da ta wuce, har da kwalli a idonta. Ta dama fura ta kawo a kwanon sha. Rabon da in gan ta haka tun Aminu na da rai. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na gode. Malami ya ce kac ce in huta, ka san ban da lahiya."

Kana tsaye a bakin ƙofa, kana kallona. Abin da ake bukata a wurina kawai shi ne in karɓi kwanon nan in sha. Ba sai na ce komai ba. Amma na ce, "Ni ban ce haka ba." Na fizgo ka na ce wa ya koya maka ƙarya, na mare ka a gabanta. Ta ajiye furar a ƙasa a hankali, ta tashi ta koma ɗaki. Ba ta sake sa kwalli ba sai bayan shekaru.

Da daɗewa bayan haka ta gaya mini ita ma ba ta ce sannu da aiki ba. Ba ta ce komai ba ranar. Kai ka ƙirƙiri saƙonnin biyu. Ta ce ka daɗe kana yin haka, kana tsayawa a tsakar gida tsakanin ɗakina da nata, kana sauya maganar kafin ka isar. Yaro ƙarami yana ɗinke auren manya shi kaɗai, ni kuma na mare shi saboda ƙarya.

Daga nan ciwon ciki ya kama ka. Kullum da safe, daidai lokacin tafiya makaranta, sai ka dunƙule kana riƙe ciki. Fitsarin kwance da ka bari tun kana ƙarami ya dawo. Nakan sa ka shanya tabarmarka a tsakar gida inda kowa zai gani, wai don kunya ta hana ka. Maganarka ta fara sarƙewa. Malaminku na firamare ya tare ni a hanya ya ce ba ka bin karatu, idonka kullum a ƙofa, in an fita tara sai ka nemi izini ka gudo gida ka koma. Na ce wasa ne ya yi maka yawa. Ashe Innarku kake zuwa dubawa, ka ga ko tana nan.

Na kai ka asibiti, aka yi gwajin jini, aka yi na bayan gida, ba a ga komai ba. Likitan, wata mace ce mai ƙaramin jiki, ta sa ka fita waje, ta ce da ni, "Malam, gida lafiya kuwa? Shi da wa yake kwana, me yake ji, me yake gani?" Na ji kamar ta zage ni. Na ce mata ciki na kawo a duba, ba gidana ba. Na ja hannunka muka fito, na tsaya a kemis na sayi maganin tsutsar ciki.

Ka ji ni da kyau a nan. Yaro ba ya bukatar a yi faɗa a gabansa kafin ya san gida ba lafiya. Yana ji a yadda ake ajiye kwano, a yadda ake rufe ƙofa. Kuma ba ya cewa iyayena sun sami saɓani. Cewa yake ni ne na yi wani abu, ni ne kuma zan gyara. In ya rasa bakin faɗa sai cikinsa ya faɗa, ko barcinsa, ko harshensa. In kun ɓata da Rabi, ku ɓata, aure ba ya rasa haka. Amma maganarka ka kai ta da bakinka, ko mai ɗaci ce. Kada ka ɗora wa Nana ko da saƙon makulli ne. In kuma kun shirya, ku bari ta ga shirin. Ku kun ga gabarmu shekara da shekaru, ba ku taɓa ganin yadda ake ba da haƙuri ba. Ina za ka koya?

Yayan Innarku, Kawu Sahabi, shi ya fara kawo maganar asibiti. Ya zo ya gan ta, ya fito ya same ni a zaure, ya ce, "Malam Bello, wanga abu ya wuce baƙin ciki. Ciwo na. Akwai likitocin da ka duba irinai, matar wani abokina ta je ta samu sauƙi. Ka bari mu kai ta."

Na ce masa, "Asibitin mahaukata kaka nuhi?"

Ya ce, "Asibitin marasa lahiya nika nuhi."

Na ce ba za a yi haka da matata ba. Na ce gidanmu sananne ne, in aka ga matar ɗan Malam Junaidu a layin masu taɓin hankali, kafin la'asar labari ya zagaye gari, wa zai auri Luba in ta girma? Ka ji dalilina. Luba na ce nake karewa. Sai muka shiga rubutun sha da tofi da hayaƙi, aka yi ta saukar Alƙur'ani. Ban raina addu'a ba, har gobe ita ce madogarata. Amma da ƙafarta ce ta karye, da na yi addu'a na kuma kai ta a ɗaure. Abin da ya hana ni ba tawakkali ba ne, tsoron bakin mutane ne. Mutanen nan kuwa ba wanda ya taɓa kwana gidan ya ga abin da kuke gani.

Luba da nake cewa ina karewa ita ce ta ɗauki girki. Takan kifa turmi ta hau don hannunta ya kai tukunya in an ɗora babba. Wata rana tana sauke miya ta kife mata a hannu. Na ɗauke ta a babur, fatar hannun tana saɓulewa, tana rawar jiki. Muna hanya ta matso bakinta kusa da kunnena ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ɓarar da miyar." Ba ta yi kukan zafin ba sai da na ce mata ba komai. Tabon yana nan a hannunta na dama, ka san shi.

In ranar ta zo da wani a gidanka ya bukaci likitan ƙwaƙwalwa, ka kai shi da rana tsaka, ta babbar ƙofa. Wanda zai yi magana ya yi. Kwana kaɗan za su yi su koma kan wani, ku kuwa da ciwon za ku zauna.

Saura wanda ya fi mini nauyi, ban taɓa gaya wa kowa shi ba sai Innarku.

Duk shekarun nan ni ma ba lafiya gare ni ba. Na ɗauka namiji ba ya irin wannan ciwon. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ɗanɗano, ƙaramin abu in hau faɗa da abokan aiki. Na koma zaman majalisa ba don ina jin daɗin hirar ba, don dai kada in shigo gida da wuri. Wata rana da hantsi an aike ni gari daga wurin aiki, ina kan babur daidai ramukan da ake haƙar farar ƙasa, sai na ga na tsaya. Ban san dalili ba. Na zauna a gefen hanya ina kallon tifofi suna wucewa da duwatsu, sai na ji zuciyata tana cewa da ma ɗaya ta kauce ta hutar da ni. Na yi ta'awwuzi. Ko da na tashi rana ta karkata. Na koma na ce babur ne ya lalace.

Ba a jima ba na yanke jiki na faɗi a sito. Aka ce hawan jini. Likitan da ya duba ni bai tsaya a awon jini ba. Ya tambaye ni barci, ya tambaye ni ci, ya ce yaushe rabon da in yi dariya. Na buɗe baki in ce lafiya lau sai hawaye suka zubo, ni da ban yi kuka ba ranar da na sa Aminu a ƙasa. Ya tura ni wurin wani likitan, irin wanda Kawu Sahabi ya faɗa. Na je a ɓoye, na ja hula har gira. Aka yi ta magana da ni, aka ba ni magani. Na ɓoye shi a zaure bayan littattafan mahaifina.

Kuma ya yi mini aiki, Malami. A hankali barci ya dawo. Na fara jin daɗin kiran sallar asuba. Na fara jin yunwa. Na samu sauƙi, na kuma bar ta a ɗaki yadda take. Watanni ina shan magani a zaure, matata tana can tana kallon bango. Na san abin da ke damunta yanzu, na san sunansa, na san ƙofar da ake shiga. Amma in na kai ta, na yarda ke nan Sahabi ya yi gaskiya, na yarda duk shekarun da suka salwanta a wuyana suke. Na kasa.

Luba ce ke share zaure. Wata safiya ta same ni ina haɗiyar ƙwayar, ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ce, "Baba, maganin da kaka sha, ba ya yi ma Inna?" Ba da gatse ta faɗa ba. Tambaya take yi tsakani da Allah. Ranar na shiga ɗakin Innarku da ƙafata, na kira sunanta. Ta ɗago a firgice, don ta manta yadda sunan yake a bakina.

Da na kai ta gaban likita aka tambaye ta tun yaushe. Ta ce, "Tun ranar da anka ɗauki Aminu." Daga nan ta yi ta magana kamar an ɓalle madatsa, ina zaune a gefe ina jin abin da ban taɓa tambaya ba. Ta ce in tana daka takan ji kukansa a cikin ƙarar taɓarya, shi ya sa ta bar daka. Ta ce ta san dalilin da ya sa na daina yi mata magana: ina ganin laifinta ne, don ita uwa ce, ya kamata ta goya shi ta tafi asibiti ko ban yarda ba. Ni kuma duk tsawon lokacin nan na ɗauka shirunta tuhuma ce, tana kallona a matsayin wanda ya ce gobe. Kowannenmu yana zaune a ɗakinsa yana jiran hukuncin ɗayan. Magana ɗaya ta isa ta warware wannan, mun kasa yin ta, muka sa ka kana kai saƙon gishiri da kalanzir.

Kada ka yi zaton ka san abin da ke zuciyar matarka don kun daɗe tare. Kada kuma ka ɓoye mata naka ciwon. In ka ji ƙirjinka ya yi nauyi ya ƙi sauka, in barci ya gudu, in ka fara jin duniya za ta fi sauƙi ba kai, kada ka jira ka faɗi a wurin aiki kamar ni. Ka gaya wa Rabi, ka je wurin likita. Ba ragwanta ba ce. Ragwantar ita ce wadda na yi a zaure.

Innarku ta samu sauƙi, amma a hankali, kuma ba duka ba. Ranar da na tabbata ta fara dawowa ita ce ranar da na kawo kifi daga kasuwa, ta shinshina, ta ce an cuce ni, wannan kifin ya kwana, ko yaro ba za a sayar wa shi ba. Ta yi ta mita har ta gama wanke shi. Ina zaune a kan kujera ina jin faɗan nan kamar ana yi mini kiɗa. Har yau akwai lokutan da abin ke taso mata, musamman in zafi ya shigo, lokacin da Aminu ya tafi. Muna zuwa asibiti tare, kowa da katinsa.

Sai dai sauƙin ya zo bayan kun riga kun ginu a kan abin da kuka gani. Kai kana makarantar kwana a lokacin, in an yi hutu sai ka roƙa a bar ka gidan Kawu Sahabi. Na ce ka fi son can don akwai yara. Na san ba haka ba ne. Yau mutane suna yaba mini kai, suna cewa ba a taɓa jin muryar Malami a sama ba, mai haƙuri kamar kakansa. Ina amsawa da alhamdulillahi kawai. Kakanka in ransa ya ɓaci yakan faɗa, a gama, a ci abinci. Naka ba irin nasa ba ne. Nawa ne. Kana haɗiyewa, ka rufe fuska, ka bar mutum yana lalube a duhu. Luba kuma, da 'ya'yanta da komai, har yau in mijinta ya shigo bai yi magana ba don gajiya, sai ta kira ni a waya, tana tambaya ko na san laifin da ta yi. In mutum ya taka ta, ita ke ba shi haƙuri. Ni na yi wannan. Ba na faɗa don ku ji tausayina, ina faɗa don ka ga inda abin ke kaiwa.

Yanzu maganar Rabi. Tun ɓarin da ta yi bara na lura ta sauya. Ta rame. Keken ɗinkinta da ba ya hutawa, Innarku ta ce ta lulluɓe shi da zane. In ta zo gaishe mu takan yi murmushi, amma da an kau da kai sai fuskar ta faɗi. Wataƙila na yi kuskure, Allah Ya sa haka. Amma na taɓa ganin irin wannan zaman na ce raini ne. Kai ma cikin nan naka ne ya zube, ban ji wanda ya tambaye ka yadda kake ba, har da ni. Ga shi za ka ɗauke ta ka kai ta garin da ba uwarta, ba 'yan'uwanta, harshen kasuwa ma ba nata ba. Kai za ka fita aiki ka ga mutane. Ita za ta wuni a ɗaki da yarinya. In ka rufe mata bakinka a can, ba ta da kowa sai Nana, kuma a kan Nana abin zai sauka.

Ga abin da nake roƙo. Kafin ranar tafiya, ku kawo mana Nana ta wuni a nan. Innarku na son ta yi mata kitso. Ku koma gida ku biyu, ku bar ɗaurin kaya, ka kashe waya, ka zauna. Ba sai ka iya magana mai daɗi ba. Ka ce mata ba ka san ta inda za ka fara ba, wannan ma farawa ce. In ta yi kuka kada ka hana ta. In ta faɗi abin da ya yi maka zafi, kada ka tashi ka fita. In kun isa can, ka nema mata mutane, akwai 'yan arewa da yawa, akwai makarantar Islamiyya ta mata. Ka bar ta ta riƙa kiran gida yadda take so. In kun ga abin ya fi ƙarfinku, ka san sauran.

Hannuna ya gaji, idona ma ya fara haɗa layi.

Ina neman gafararka, Malami. Na ci amanar ƙuruciyarka, kai da ƙanwarka, kuma ba ni da abin da zan mayar muku da ita. Luba na je har ɗakinta na faɗa mata da baki, muka yi kuka. Kai na kasa, shi ya sa na rubuta. Amma kada ka yi saurin zuwa ka durƙusa ka ce ba komai, Baba. Akwai komai. In kana da fushi a kaina, ka riƙe shi har ka san girmansa, sannan ka zo ka faɗa mini shi yadda yake, ko a waya ne. Zan saurara. Na fi son in ji shi ina da rai.

Ku fita da sassafe, kada ka yarda dare ya same ku a hanya, in ya kama ku kwana a Kontagora ku kwana. Allah Ya kiyaye gabanku da bayanku, Ya kai ku lafiya, Ya sanya natsuwa a ɗakinku. Allah Ya raya Nana cikin aminci, Ya ba ku wasu masu albarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ni.

In kun sauka ka kira. Amma ka miƙa wa Rabi wayar. Daga bakinta nake so in ji kun isa lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bello.